Nazarin Lamari: Makaɗa Shida da Kewar da Ke Cikin "Bahía Blanca"

Shimfiɗa: kiɗan da mai shi

A watan Nuwamba na 1957, Carlos Di Sarli, makaɗin fiyano kuma shugaban tawagar kiɗa, ya shiga ɗakin naɗar sauti na kamfanin RCA Victor a Buenos Aires, babban birnin Ajantina, tare da tawagarsa, suka naɗi wani kiɗan tango (kiɗan rawar mutum bibbiyu ne na can) da ya tsara da kansa, ya raɗa masa sunan garinsu, Bahía Blanca. Garin tashar jiragen ruwa ne a kudancin lardin Buenos Aires, tafiyar sama da kilomita 600 daga babban birnin Ajantina, kuma a can aka haife shi a 1903. A 1958 ya sake naɗar kiɗan a kamfanin Philips, cikin faya-fayensa na ƙarshe. Bayan haka ciwo ya kwantar da shi, ya rasu a Janairun 1960.

Kiɗan bai wuce minti uku ba. Babu mawaƙi a ciki, babu kalma ko ɗaya. Duk da haka, wanda ya saurare shi da natsuwa yakan ji abu guda, wato begen gida irin na dattijon da ya san da wuya ya sake komawa, amma bai yarda ya zubar da hawaye a gaban mutane ba. Har yau da wuya a yi daren rawar tango a Buenos Aires ba a sa kiɗan Di Sarli ba.

Cikakkiyar tawagar tango, wadda suke kira *orquesta típica*, tana da sahun goguna irin na Turawa masu tsirkiya huɗu, da sahun bandoniyon, da fiyano, da babban goge wanda ake kaɗawa a tsaye. Bandoniyon akwati ne mai zuga-zugi a tsakiya kamar na maƙera, da maɓallai 71 a gefunansa biyu. A Jamus aka ƙera shi a ƙarni na 19, ya ƙetara teku ya zama muryar tango. A shekarun da ake kira na zinariya, daga wajen 1935 zuwa 1955, kowane babban shugaban tawaga yana da hannunsa da ake ganewa tun daga bugun farko. Juan D'Arienzo yana sara bugu da sauri da kaifi. Osvaldo Pugliese yana jan lokaci ya saki, ya danne bugu na ɗaya da na uku da nauyi. Aníbal Troilo yana barin bandoniyon ya yi magana. Shi kuwa Di Sarli goguna yake ɗora wa amon kiɗan, ya mayar da bandoniyon baya, ya riƙe tawagar gaba ɗaya daga kan fiyano, musamman da hannun hagu.

Daga ƙarshen shekarun 1950 manyan tawagogin suka riƙa watsewa. Kiɗan zamani ya janye matasa, biyan makaɗa goma sha wani abu ya gagara, takardun kiɗa da yawa suka salwanta. Abin da ya fi takarda muhimmanci ma ya kusa bin su, wato dabarun hannu da ba a rubutawa, waɗanda makaɗan ke kira *yeites*. Wannan giɓin ne ya sa aka kafa makarantar tawagar tango a Buenos Aires a 2000, ƙarƙashin jagorancin dattijo Emilio Balcarce, don tsofaffi su zauna kusa da yara su nuna musu da hannu. Lamarin da ke tafe ya faru ne a cikin wannan giɓi.

Mai lamarin

Matashiya ce mai kaɗa fiyano, shekarunta ba su kai 30 ba, ba za a ambaci sunanta ba. Ta yi karatun kiɗan gargajiyar Turai har ta ƙware, tana karanta takarda kamar mai karanta jarida. Tango ta shigo daga baya. Ta haɗa ƙungiyar mutum shida: bandoniyon biyu, goge biyu, babban goge, da ita a fiyano. Suna atisaye sau biyu a mako, awa uku-uku, a wani ɗakin haya a unguwar Almagro.

Buƙatarsu biyu ce. Suna son su samu gurbin wasa a wani gidan rawa na unguwa, irin wanda ake kira *milonga*, kuma suna son naɗar faifan gwaji mai kiɗa huɗu da za su riƙa nuna wa masu shirya taro. Uku daga cikin kiɗan ba su ba su wahala ba. Na huɗun shi ne "Bahía Blanca", wanda ita ta dage a kansa, don shi ne ya fara jawo ta cikin tango.

Maris: an rubuta komai a takarda

Ta fara da abin da ta fi iyawa. Ta sa naɗin 1957 a kwamfuta, ta rage masa gudu, ta riƙa bin sa daƙiƙa-daƙiƙa tana rubuta duk sautin da kunnenta ya kama. Makonni uku ta ɗauka. Sashen fiyano ne ya fi cinye mata lokaci, domin Di Sarli yana cike giɓin da ke tsakanin jimlolin goguna da wasu 'yan sautuka masu ƙara kamar ƙararrawa daga saman fiyano, waɗanda ake kira *campanitas*, yayin da hannun hagu ke gurnani a can ƙasa. Ana yawan faɗin cewa ba ya son a kalli hannayensa yana kiɗa. Ko ma mene ne gaskiyar wannan, abin da ya rage wa na baya shi ne faifai da kunne.

Ta auna gudun faifan da na'urar ƙidayar bugu, ta samu ɗan ƙasa da bugu 120 a minti. Ta raba wa kowa takardarsa. A atisaye na huɗu sun iya kiɗan daga farko har ƙarshe babu kuskure. Ta naɗa a wayarta, ta saurara a cikin motar haya kan hanyar gida. Kowane sauti yana wurinsa. Ta sake sa na Di Sarli, ta koma nasu, ta sake komawa nasa. Ba ta iya nuna inda bambancin yake ba, amma nasu ya yi kama da mutum mai karanta wasiƙar da ba shi aka rubuta wa ba.

Afrilu: daren farko

Mai gidan rawar ya ba su gwajin minti 40 a wani daren Alhamis. A irin waɗannan gidaje ana jera kiɗa ne rukuni-rukuni, yawanci tango huɗu a jere, ana kiran rukunin *tanda*, sannan a sa wani ɗan guntun kiɗa na daban mai suna *cortina* don kowa ya koma kujerarsa ya sake abokin rawa. Al'ada ce mai ƙarfi cewa ba a barin abokin rawa a tsakiyar rukuni sai da dalili.

Mai babban goge, wanda yake tsaye yana kallon fili sosai, shi ya riƙa ƙirgawa. A kiɗa na farko akwai mutum bibbiyu wajen 30 a fili. "Bahía Blanca" ne na uku. Ba wanda ya fita, amma tafiyar ta canza: masu rawa suka daina dogon taku, suka koma 'yan gajerun matakai, wasu suna hira ƙasa-ƙasa a kafaɗar juna. Da aka gama aka tafa tafin ladabi. Mai gidan ya gode musu, ya ce a cikin kiɗansu wancan na Di Sarli ne bai taka ƙasa ba tukuna, su dawo idan ya nuna.

Mayu da Yuni: jan ƙafa

Ƙungiyar ta zauna ta yanke cewa abin da ya ɓace shi ne baƙin ciki, kuma baƙin ciki a hankali yake tafiya. Suka rage gudu zuwa bugu 108, daga baya zuwa 100. Kiɗan ya miƙe ya kai kusan minti uku da rabi. Ta ƙara taka fedar fiyano don sautuka su daɗe suna amsawa. Masu goge suka ƙara karkarwar yatsa a kan tsirkiya. A ƙarshen kowace doguwar jimla sai duk ƙungiyar ta dakata, ta ja numfashi, sannan ta faɗa cikin jimla ta gaba.

Babban mai bandoniyon ya kawo tasa shawarar. A tango da yawa akwai wani sashe kusa da ƙarshe da ake kira *variación*, inda bandoniyon ke zubo sautuka da gudu kamar ruwan sama a kan kwano. Di Sarli bai sa irin wannan a "Bahía Blanca" ba, amma saurayin ya rubuta nasa, aka liƙa a ƙarshe.

A cikin ɗakin atisaye abin ya yi musu daɗi ƙwarai, har ɗaya daga masu gogen ta ce tsigar jikinta ta tashi. Sai suka gayyato wasu abokai biyu masu koyar da rawa su gwada. Namijin ya ɗaga ƙafa zai taka, bugun bai iso ba, ya tsaya da ƙafa a sama. Suka sake, haka dai. Bayan gwaji na uku matar ta bayyana musu cewa dakatawar da suke yi irin ta Pugliese ce, kuma a wurin Pugliese mai rawa yana jin nauyin da ke taruwa kafin a saki, don haka ya san lokacin da zai sauka. A nasu kuwa ba abin da ke taruwa, shiru ne kawai ake yi a jira fiyano. Game da sashen bandoniyon na ƙarshe, ta ce ya yi kyau, amma kamar wani baƙo ne ya shigo ana tsakiyar zancen iyali.

Yuli: ɗakin naɗar sauti

Sun riga sun biya kuɗin kwana biyu a wani ƙaramin sutudiyo, don haka suka shiga da abin da ke hannu. Sun mayar da gudun zuwa 110, sun bar sashen bandoniyon. Mai naɗar sautin, wanda ya saba da mawaƙan zamani, ya ba da shawarar a sa wa kowa abin ji a kunne mai buga ƙidaya, a naɗi kowane kayan kiɗa shi kaɗai. Matsalar goguna biyu a maimakon sahu guda kuma, ya ce mai sauƙi ce: kowace mai goge ta naɗi sashenta sau uku, a ɗora su kan juna, su zama shida. A ƙarshe ya ƙara amsa-kuwwa ta na'ura don a ji kamar a babban zaure aka yi.

Sakamakon ya fito tsaf, babu ƙura. Goguna sun yi kauri, amma kaurin mutum ɗaya ne da aka maimaita, duk karkarwar yatsa iri ɗaya, duk numfashi a wuri ɗaya. Fiyano da babban goge, waɗanda ya kamata su zama kamar ƙafa biyu na mutum guda, an naɗe su a ranaku daban, kowanne yana bin ƙidayar na'ura maimakon bin ɗan'uwansa. Ta ajiye sauran kiɗa ukun, ta cire wannan daga faifan. Makonni biyu ba a ambaci sunansa a atisaye ba.

Agusta da Satumba: tsohon mai goge

Mai babban goge ne ya kawo shi. Dattijo ne da ya haura 80, wanda ya yi ƙuruciyarsa a sahun baya na wasu tawagogin rawa kafin su watse, daga baya ya koma koyar da yara. Bai taɓa zama a tawagar Di Sarli ba, kuma shi da kansa ya fara faɗin haka, amma ya sha tsayawa a gefen dandamali yana kallonsu. Suna kiransa *maestro*, shi kuma yana kiran shugabar ƙungiyar *piba*, wato yarinya. Ya zo sau shida, kowace Talata, da gogensa a cikin tsohon akwati.

A zuwan farko bai bari an taɓa kayan kiɗa ba. Ya sa aka ture kujeru, aka kunna naɗin 1957, ya ce su shidan su yi tafiya daga bango zuwa bango, taku ɗaya a kan kowane bugu mai nauyi. Sau biyar suka yi. Daga nan ya sa aka kunna nasu na watan Yuni, ya ce su sake tafiya. Kafin a kai rabi, biyu daga cikinsu sun yi karo da juna.

Wannan ya sa ta koma gida ta yi awon da ba ta yi ba a watan Maris. A wancan karon gudun gaba ɗaya ta auna. Yanzu sai ta bi faifan bugu-bugu, tana alama a duk inda kunnenta ya ce mata kiɗan ya lafa. Ta tarar a yawancin wuraren nan bugun bai ja baya ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Abin da ke canzawa shi ne ƙarfin sauti da tsawonsa: goguna su taso daga ƙasa-ƙasa su cika ɗaki, su riƙe sauti har iyakarsa, sannan su janye, yayin da a ƙarƙashinsu fiyano da babban goge ke ci gaba da takunsu kamar ba abin da ya faru. Kunne yana jin faɗin sautin sai ya ɗauka lokaci ne ya tsaya. Watanni biyu suka yi suna kwaikwayon abin da babu shi a faifan.

Zuwa na biyu da na uku sun tafi a kan bugu kaɗai. Dattijon ya hana goguna amon kiɗan, ya ce kowa ya buga *marcato*, wato bugu huɗu na kowace gaɓa, na ɗaya da na uku da nauyi, na biyu da na huɗu da sauƙi. Ya nuna wa masu goge su matso gindin sandar izga, kusa da hannu, inda nauyin damtse ke sauka da kansa, su ciji tsirkiya su saki nan take. Ya sa ta ɗauke ƙafa daga feda gaba ɗaya na tsawon mako biyu. Ba tare da feda ba, duk wani rauni na hannun hagunta ya fito fili, kuma ta ce a nan ta gane cewa shekara da shekaru tana ɗaukar wannan hannu a matsayin ɗan rakiya.

A nan aka sake yin kuskure, wannan karon ta ɗaya gefen. Da bugun ya tsaya da ƙafarsa, sai ya yi tauri. Suka riƙa sara kowane bugu daidai da ɗan'uwansa, gudun ya haura 125 ba tare da kowa ya yi niyya ba, kiɗan ya koma kamar faretin sojoji. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya ce yanzu sun bar gidan Pugliese sun shiga gidan D'Arienzo, saura su nemo gidan mai kiɗan.

Maganin da ya kawo shi ne *arrastre*, wanda ma'anarsa ja a ƙasa. Sauti ne da ke farawa kafin bugun ya iso, a hankali, da ɗan datti, ya kumbura ya faɗa kan bugun. Mai babban goge yana fara jan izga tun kafin lokaci, ya ƙara nauyi, ya tsaya cak a kan bugu. Mai bandoniyon, wanda kayansa ke kan gwiwa, yana fara buɗe zuga-zugin da wuri, sannan ya saki dugadugansa ƙasa, nauyin akwatin ya ba da dukan. Ita kuma tana mirgino 'yan sautuka daga can ƙasan fiyano su hau kan bugun. Idan ukun suka haɗu, mai rawa yana jin bugun yana tahowa kafin ya iso, kamar yadda ake jin ƙasa na motsi kafin jirgin ƙasa ya bayyana. Awa biyu suka yi a kan gaɓa huɗu kacal. Dattijon yana zaune kusa da mai babban goge, ya ɗora tafin hannunsa a gwiwar hannun yaron, yana turawa yana sakewa, har jikin ya koyi abin da baki ya kasa bayyanawa. Wannan ɗan dattin da makarantar kiɗa ke koya wa ɗalibi ya goge, makaɗan tango suna da suna gare shi, *mugre*, kuma yabo ne a bakinsu.

Sai a zuwa na biyar aka dawo da amon kiɗan. "Bahía Blanca" yana tafiya ne tsakanin hali biyu: dogayen jimloli masu santsi da ake ja da izga gaba ɗaya, da gajerun sautuka tsinke-tsinke da ake yankewa. A da suna kaɗa duka biyun da matsakaicin ƙarfi da matsakaicin tsawo. Ya sa suka raba su nesa da juna, mai santsi ya zama santsi har ba a jin inda izga ta juya, mai yankewa ya zama gajere ƙwarai kuma ƙasa-ƙasa. Ya rage karkarwar yatsa, ya ce a ajiye ta sai tsakiyar dogon sauti. Ya kuma hana su kai ƙarfi ƙololuwa fiye da sau biyu a duk kiɗan.

Saura matsalar yawa. Goge biyu ba za su zama sahu ba. Abin da aka yi shi ne, goge na biyu ya sauka ya bi amon daga ƙasa, bandoniyon ɗaya kuma ya bi su a ɓoye, da sauti mai laushi wanda ba a gane shi a matsayin bandoniyon, sai dai a ji gogunan sun yi jiki. Ɗaya bandoniyon ya tsaya a kan bugu tare da fiyano. Wannan na nufin sashen gudun da saurayin ya rubuta ya fita, kuma shi da ya fi kowa ƙwarewa a ƙungiyar zai shafe minti uku ba a jin sa. Bai ji daɗi ba, har ya yi fashin atisaye ɗaya. Aka sasanta da cewa za a ƙara "Quejas de bandoneón" na Juan de Dios Filiberto a jerin kiɗansu, wanda Troilo ya naɗa a 1944, kuma wanda sashen gudunsa na ƙarshe ya shahara a wurin duk mai riƙe wannan akwati.

Game da 'yan ƙararrawar fiyano, dattijon ya ce ta rage rabinsu. Ta rubuto su duka daga faifai, amma a faifan suna amsa wa sahun goguna ne mai kauri, a ƙungiyar mutum shida kuwa sun yi yawa, sun zama surutu. Ta kwatanta naɗin 1957 da na 1958, ta lura cewa ba kwafin juna ba ne, sai ta daina ɗaukar takardarta a matsayin doka.

Oktoba: naɗi na biyu

Kuɗinsu bai kai na sutudiyo ba, sai suka ari zauren wata ƙungiyar unguwa mai daɓen katako a wata ranar Lahadi da rana. Makirufo huɗu, babu abin ji a kunne, babu ƙidayar na'ura. Suka zauna a da'ira yadda kowa ke ganin hannun hagunta, aka matso da babban goge har yana kusan taɓa fiyano. Abokan nan biyu masu koyar da rawa suka zo, aka ce su yi rawa a ƙarshen zauren da safa don kada takalmi ya shiga naɗi.

Sau bakwai suka kaɗa. Na ɗaya da na biyu sun yi sanyi. A na huɗu goge na biyu ya ɗan zame a wani sauti kusa da ƙarshe, ana kuma jin ƙarar kujera sau ɗaya. Na shida ya fita babu aibi. Da suka saurara washegari, biyar daga cikin shida suka zaɓi na huɗu. Da ta auna shi, gudunsa yana yawo tsakanin bugu 114 da 118, tsawonsa bai cika minti uku ba.

Nuwamba: komawa fili

Mai gidan rawar ya saurari faifan, ya ba su wani daren Alhamis. Sun sa "Bahía Blanca" a ƙarshen rukuni na biyu. Mai babban goge ya sake ƙirgawa: mutum bibbiyu 26 a fili, ƙasa da na Afrilu, don an yi ruwa a daren. Hira ta ɗauke tun daga jimlar farko. Takun ya yi tsawo, layin rawa yana zagaya fili ba tare da cunkoso ba, kuma bayan sautin ƙarshe mutane da dama sun ɗan jima a rungume kafin su saki juna su tafa. An ba ƙungiyar dare ɗaya a kowane wata na tsawon wata huɗu. Dattijon bai samu zuwa ba saboda ciwon ƙafa, sai aka kai masa naɗin daren gida.

Hukunci

A ganina kuskuren Maris da na Mayu tushensu ɗaya, ko da yake sun yi kama da kishiyoyin juna. A duka biyun an ɗauka cewa yanayin kiɗa wani abu ne daban da aikin hannu: a Maris aka yi zaton zai zo da kansa idan sautuka sun yi daidai, a Mayu aka yi zaton ana shafa shi daga sama kamar man shanu. Kewar da ke cikin wannan kiɗa kuwa a cikin ginin take. Goguna suna son su tsaya su yi kuka, bugun da ke ƙasa bai ba su dama ba, yana tafiya da su gaba. Jayayyar nan tsakanin sama da ƙasa ita kunne ke ji a matsayin dattako mai ciwo. Da suka bar bugun ya tsaya tare da goguna, sai jayayyar ta mutu, abin da ya rage ya zama kukan da ba mai rarrashi. Da suka taurara bugun suka manta da *arrastre*, sai ya zama ba abin da ake dannewa.

Aikin watan Maris bai tafi a banza ba, don ba da shi ba da dattijon bai samu abin da zai gyara ba. Naɗin Yuli kuwa ina ganin ko da sun shiga da salon kaɗawar da ya dace ba zai yi ba, saboda *arrastre* abu ne da mutum uku ke yi suna kallon juna, kuma ba a naɗar kallo a ranaku daban-daban. Shawarar mai naɗar sautin daidai take ga irin kiɗan da ya saba da shi.

Akwai abin da bai samu ba, kuma ya kamata a faɗe shi. Naɗin Oktoba ba shi da faɗin na 1957. Idan sahun gogunan Di Sarli ya taso, kamar an buɗe ƙofar babban zaure ne, kuma mutum shida ba su da wannan ƙofa ko da sun shekara suna atisaye. Nasu ya fi kusa da kunne, ya fi sirantaka, ana jin numfashin zuga-zugi da gogar izga. Hannun hagunta ma har yanzu bai kai nauyin da take nema ba. Ta ce a atisayen gida tana ci gaba da kaɗa kiɗan babu feda, minti ashirin kowace safiya, kafin ta taɓa wani abu.